Hatimi da Alhaki: Nazari kan Lasisin Masu Zanen Gini daga Ƙofar Dumi

A dokar Nijeriya, zanen gini sana'a ce mai ƙofa, ba kowa ake bari ya shiga ba. Doka mai lamba 10 ta shekarar 1969, wadda aka yi a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ita ta kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine, wato ARCON, ta kuma hana duk wanda ba ya cikin rajistarta ya kira kansa akitek ko ya ɗauki nauyin zanen gini a matsayin sana'a. Dokar tana nan har gobe, a babi na A19 na kundin dokokin tarayya na 2004. Sai dai duk wanda ya ratsa lungunan Ƙofar Dumi a cikin garin Bauchi, ya ga yadda ake ture katangar ƙasa a tayar da ta bulo, a fasa zaure a mai da shi shago, a ɗora bene a kan ɗakin da ba a haƙa masa harsashin ɗaukar bene ba, dole ya tambayi kansa ta ina wannan doka take taɓa wannan gini. Abin da nake son nunawa a nan shi ne, lasisi da laƙabi da karatun sabunta ilimi duk abu guda suke yi wa hidima: a san wanda za a riƙe idan gini ya cutar da mutane. Tsarin da muke da shi kuwa ya fi ƙarfi wajen tsare laƙabin fiye da kai wannan alhaki inda talaka yake gininsa.

Bauchi ba baƙuwa ba ce ga tantance magina. Tun da Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita goma da rabi. Ƙofar Dumi ɗaya ce daga cikin ƙofofinta, tare da irin su Wunti da Ran da Jahun da Tirwun da Inkil, kafin sunan ya zama na unguwa. Ganuwa aikin taron jama'a ce, kowa da rabonsa. Sorayen fada da masallatai kuwa sai gwanaye. A manyan biranen ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Magina, wanda ta hannunsa aikin fada ke bi, shi ke tara magina, shi ke raba su idan sun saɓa. Yaro yakan fara ne da ɗaukar kwaɓaɓɓiyar ƙasa da mulmula tubali, ya kai ga jefa wa maigidansa tubalin a kan katanga, sannan a bar shi ya yi yaɓe. Sai ya daɗe kafin a yarda ya jera azara, balle ya ɗaura bakan gizo. Ba takarda ake ba shi ba a ƙarshe. Mutane ne za su fara cewa wane ya zama gwani, domin sun ga soron da ya rufa ya sha damina bai zuba ba.

Ƙololuwar wannan tsari shi ne Muhammadu Durugu, wanda tarihi ya riƙe da laƙabin Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma aikinsa ya iso ƙasar Bauchi. A Kafin Madaki, kimanin kilomita 45 arewa da garin, akwai soron da har yau da sunansa ake kiransa, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Masana irin su Zbigniew Dmochowski da J. C. Moughtin da Hamman Tukur Sa'ad sun yi dogon bincike a kan wannan fasaha, har Dmochowski ya sa aka kwaikwayi masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba a wancan tsari shi ne yadda sabunta ilimi yake cikin jikin aikin. Ginin ƙasa yana neman yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Saboda haka magini yakan koma wa aikinsa shekara bayan shekara, ya ga inda ya tsage, inda gara ta ci azara, inda ruwa ya kwanta a kan soro ya jiƙa katanga. Kuskurensa yana jiransa a unguwarsu, kuma mai gidan ya san ƙofar gidansa. Shari'a ma ba ta bar fagen haka nan ba. A mazhabar Malikiyya akwai babin lamunin masu sana'a, kuma tun ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini: katangar da maƙwabta suka yi tarayya a kanta, tagar da ke leƙa gidan wani, ruwan indararon da ke zuba a filin maƙwabci. Ban kawo wannan don in ce da can komai lafiya lau yake ba. Sana'ar gado ce, tana rufe ƙofa ga bare, ana ɓoye sirrinta, kuma ba ta da lissafin da zai iya da kankare da rodi. Amma tana da abin da takarda kaɗai ba ta bayarwa, wato mutum sananne a bayan kowane gini.

Tsarin zamani ya zo ta makaranta. An fara koyar da zanen gine-gine a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Ibadan a 1952, aka mayar da sashen Zariya a 1955, ya zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ƙungiyar masu sana'ar, NIA, ta kafu ranar 1 ga Afrilu 1960, wata shida kafin samun 'yancin kai. A Bauchi, jami'ar fasaha ta tarayya da aka buɗe a 1980, aka haɗe ta da ta Zariya a 1984, ta koma cin gashin kanta da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988, tana da sashen wannan fanni. Hanyar kai wa ga laƙabi doguwa ce: digiri na farko, digiri na biyu, bautar ƙasa, aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin wani mai rajista, sannan jarrabawar ƙwarewa. Idan komai ya tafi daidai, babu yajin aiki, babu maimaici, matashi zai ci shekara tara zuwa goma. Bayan haka ne zai sa "Arc." a gaban sunansa, ya sa MNIA a baya, alamar zama ɗan ƙungiyar NIA, in ya manyanta a cikin sana'ar a ba shi FNIA.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a filin. Injiniyoyi suna da COREN tun 1970, masu ƙididdigar kuɗin gini sun sami hukumarsu a 1986, masu tsara birane a 1988, ƙwararrun magina na boko kuma CORBON a 1989. Kowane da laƙabinsa, kowane da hatiminsa. Rabon aikin yana da ma'ana. Akitek ke tsara ɗakuna da haske da iska da matakala da hanyar fita, injiniya ke lissafin nauyi da ƙarfe, magini mai rajista ke kula da yadda aikin zai gudana. Amma a bakin mutanen unguwa duk wanda ya zo wurin gini da hular kwano da tef ɗin awo, injiniya ne, ko da birkila ne da ya kai matsayin karɓar jinga. Wannan ba jahilcin jama'a ba ne. Shaida ce cewa laƙaban ba su taɓa zuwa musu da wani amfani da za su gani har su bambance su ba.

Mu duba yadda gini yake tashi a irin wannan unguwa. Gida ne na gado, an raba, wani ya sami ɗaki biyu da rabin tsakar gida a bakin titi. Yana son shaguna biyu a ƙasa, ɗakuna a sama. Ba ofishin akitek zai nufa ba, birkilan da ya yi wa abokinsa aiki zai kira. A tsaye za a yi zanen, da tsinke a ƙasa ko da biro a bayan takardar buhun siminti. Kuɗi ba a dunƙule suke ba, don haka aikin zai tafi guntu-guntu: bana a kai linta, a tsaya, baɗi a zuba dakin, rodi na tsaye a sama yana shan ruwa yana tsatsa. Ranar zuba kankare, ma'aunin da littafi ya sani shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Idan siminti ya yi tsada sai yashi ya ƙaru, a kuma tsuga ruwa don kwaɓin ya yi saurin bin katako. Inda ya kamata a sa rodi mai lamba sha shida sai a sa sha biyu. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, yana kuma son ban ruwa a kwanakin farko, amma mai katakon haya yana jiran kayansa, ruwan ma saye ake yi a wurin 'yan garuwa. Babu mugu ko ɗaya a cikin wannan labari. Kowa yana ƙoƙarin rufa wa kansa asiri ne da abin da ke hannunsa.

Takarda takan shigo ne idan ma'aikatan hukumar raya birane sun shafa jan fenti a bango. A nan ne ake neman mai zane, galibi wanda ya yi difloma ko ɗalibin da ya iya kwamfuta, ya zana abin da aka riga aka gina, sannan a nemo mai rajista ya buga hatimi a ba shi na goro. Wannan ɗabi'a ta sayar da hatimi, wadda shugabannin sana'ar da kansu suke kuka da ita, ita ce ta fi komai ɓata ma'anar lasisi. Hatimi cewa ne "na duba, na yarda, a tambaye ni". Wanda ya buga shi a kan zanen filin da bai taɓa takawa ba ya yi shaidar zur, ko da ginin bai taɓa faɗuwa ba. ARCON ta fito da tsarin bai wa kowane aiki lambar rajista, APRN, don a iya bin sawun zane zuwa ga mai shi. Dabara ce mai kyau, amma tana kama hatimin jabu ne. Ba ta kama hatimin gaske da aka buga ba tare da an duba ba.

Akwai kuma giɓi a cikin dokar kanta. Lasisi daga Abuja yake fitowa, izinin gini kuwa daga jiha. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya kan dokar tsara birane ta 1992, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Shi ya sa kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 ba ya cizo a jiha sai ita jihar ta mai da shi dokarta. Ma'ana, duk tsawon karatun da ARCON ke nema da duk jarrabawarta, a kan teburi ɗaya suke haɗuwa da mai gini: teburin jami'in da ke karɓar zane a hukumar raya birane ta jihar Bauchi. In wannan jami'i ba shi da abin hawan zuwa duba fili, ko ba shi da ikon cewa a'a ga mai ƙarfi, to lasisin ya tsaya a bangon ofis.

Abin da sakaci ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya faɗa wa ɗalibai a unguwar Busa Buji ta Jos, maƙwabciyarmu, aka rasa rai 22. Faɗuwar gini ta fi shafar aikin injiniya, gaskiya ne. Amma cutar da rashin mai zane ke yi a hankali take ci, ba ta shiga labarai: ɗakin da ba taga sai ƙofa, matakala mai tsayin da tsohuwa ba za ta iya hawa ba, masai kusa da rijiya, islamiyya mai yara ɗari da ƙofar fita ɗaya, bene mai leƙa tsakar gidan maƙwabta har matan gidan su rasa sakewa.

A wasu ƙasashe an fuskanci tambayar ta hanyoyi daban. Ingila tun 1931 laƙabin kawai take karewa. Kowa na iya zana gida, muddin bai kira kansa akitek ba, sai a bar tsaron lafiya ga masu duba gini. Faransa, a dokarta ta 1977, ta wajabta ɗaukar akitek, amma ta ɗauke wa mai gina wa kansa ƙaramin gida, iyakar a yanzu murabba'in mita 150. Darasin da na gani a nan shi ne, duka biyun sun yarda ba kowane gini ne zai sami babban ƙwararre ba, sai suka shata iyaka a fili. Mu kuwa dokarmu ta nemi komai a takarda, shi ya sa a aikace take samun kaɗan.

Batun sabunta ilimi ma daga masifa ya sami ƙarfi a Ingila. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci mutum 72, majalisa ta yi dokar tsaron gine-gine ta 2022, ta bai wa hukumar rajista ikon bin diddigin karatun kowane mai lasisi, aka fara tilasta shi a 2024, da tsaron gobara a cikin darussan dole. Ƙungiyar masu zanen gini ta Birtaniya, RIBA, tana neman awa 35 a shekara. Ta Amurka, AIA, tana neman awa 18, kuma 12 daga ciki dole su shafi lafiya da tsaron jama'a. A Nijeriya ma ana sabunta lasisi, ana tara maki ta halartar taruka irin babban taron shekara da ARCON ke yi a Abuja da baje kolin Archibuilt na NIA. Ba na raina waɗannan taruka, ana ƙaruwa a cikinsu. Amma matashin da ke Bauchi, wanda aikin da yake samu bai wuce zanen gida mai ɗaki uku ba, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 400, ya biya kuɗin rajista da masauki, don ya saurari bayani a kan gilashin dogayen benaye. Makin da zai samu shaidar zama a kujera ne. Ga kuma saɓanin da ya ɓarke a shekarun baya tsakanin ARCON da NIA kan wanda ke da hurumin shirya jarrabawar ƙwarewa, wanda ya kai ga kotu, ya bar matasa da yawa suna jira. Duk shekarar da aka ɓata a irin wannan jayayya, unguwanni ba su daina gini ba.

Me ya kamata mai zane a Bauchi ya riƙa sabuntawa? Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano mara silin, da yadda kaurin bango da inuwa da tagogi masu fuskantar juna ke rage shi ba tare da lantarki ba. Ruwan Agusta da inda zai bi idan kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti. Yadda ake gane ko tsohon harsashi zai ɗauki ƙarin hawa. Bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Hukuncin maƙwabtaka da rabon gado, domin rabin matsalar zane a cikin gari daga nan take tasowa. Kuma mafi muhimmanci a ganina, a wajabta wa mai lasisi ya koma ga ginin da ya zana bayan shekara biyu ko uku, ya rubuta abin da ya tarar, a ba shi maki a kan wannan rahoto. Wannan ba ya buƙatar otal a Abuja. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Yelwa da Gubi da reshen NIA na jiha sun isa su shirya shi.

Saura tambayar waɗanda ke wajen rajista, su ne kuma masu yawa. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa a 1962, ya faɗaɗa shi daga 1975 zuwa 1982, aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Demas Nwoko, wanda zane-zane ya karanta a Zariya ba zanen gini ba, ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin gine-gine na Venis a 2023. Wasu kan kafa hujja da irin waɗannan su ce lasisi ba shi da amfani. Ban yarda ba. Gwani ɗaya ba ya wanke dubun masu ganganci, kuma bene na kankare ba ya yafe kuskure kamar yadda soron ƙasa mai hawa ɗaya yake yi. Misalin da ya fi koyarwa shi ne na Dandaji, a Nijar ɗin dai, inda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi, aka gama a 2018. Maginan da suka san tsohon ginin an shigo da su cikin aikin, suka kawo sanin ƙasa, suka kuma koyi sababbin dabarun ƙarfafa ta.

Nijeriya tana da kayan yin irin wannan haɗi, ba a dai ɗinke su ba. Akwai tsohuwar jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku. Akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE da ke Kaduna take jagoranta, wanda ya yarda a gwada mutum a kan abin da ya koya a bakin aiki. Akwai masu difloma daga kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji a Bauchi, waɗanda da yawansu ke zane a ɓoye a ƙarƙashin hatimin wani. Abin da ya rage shi ne jiha ta shata matakai a dokarta. Gida mai hawa ɗaya da bai wuce wani girma ba, a yarda mai difloma mai rajista ya sa hannu da sunansa, birkila mai shaida ya gina. Duk abin da ya kai bene, ko wurin taruwar jama'a kamar makaranta da masallaci da asibiti, sai akitek da injiniya, kuma sai sun zo da ƙafarsu ranar haƙa harsashi da ranar zuba dakin sun sa hannu. A kafa allo a bakin aiki da sunayensu da lambobinsu, mai unguwa ya riƙe kwafi. Wasu masu lasisi za su ce an rage musu kasuwa. Kasuwar da ake magana a kanta ba ta taɓa zama tasu ba.

Cikas mafi girma yana wurin takardun fili. Yawancin gidajen cikin ganuwa gado ne, hujjarsu takardar alƙali ce ko shaidar mai unguwa da dattawa, ba takardar mallaka ta gwamna da dokar filaye ta 1978 ta tanada ba. Mai irin wannan gida yana tsoron zuwa neman izinin gini, kada a ce ya kawo abin da ba shi da shi, ko a buɗe masa kuɗaɗen da suka fi ƙarfinsa. Muddin duba lafiyar gini yana ɗaure da tabbatar da mallaka, ba zai zo ba. Hukumar raya birane za ta iya raba biyun: ta karɓi takardar rabon gado ta kotu a matsayin hujjar da ta isa a duba zane, ta sa kuɗi kaɗan sananne da aka rubuta a bango, ta kuma ware rana a mako da mai lasisi zai zauna a ofishin hakimi ko makarantar unguwa yana duba zanen mutane, a lissafa masa wannan zama cikin makinsa na shekara.